Ƙullutun da ƙarfe ke tayarwa a fatar ɓeran Masar: ina ake gane na alerji?

Habsatu_Zango
Assalamu alaikum malamaina. Tambayata a kan giranuloma ta fata ce, wato ƙullutun nan da ƙarfe ke tayarwa. Idan aka yi wa ɓeran Masar allurar gishirin zirkoniyom a cikin fata, bayan kwanaki ƙullutu ya fito, aka yanko shi aka sa a madubin duba ƙananan abubuwa, ta yaya za a gane na alerji ne, ba jiki ne kawai ya kewaye baƙon abu ba? Ni a fahimtata, tunda ƙarfen ne sila, wanda ƙwayoyinsa suka fi cika da ƙarfe shi ne na alerji. Haka ne, ko na karkace?

Anapat_Birni
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin kifa abin ne. Wanda ya cika da ƙarfe shi ya fi kama da na baƙon abu.

A ƙullutun baƙon abu, makirofaj, wato ƙwayar garkuwar jiki mai cinye baƙon abu, yana haɗiye abin da aka zuba masa har cikinsa ya cika. Za ki gan su a warwatse ba tsari, kowanne ɗauke da ɓarɓashi, ga manyan ƙwayoyi masu cibiya (ɗakin gado na cikin ƙwaya) da yawa, cibiyoyin a watse ko a cunkushe a tsakiya, limfosit kuma, wato ƙananan fararen ƙwayoyin jini na garkuwa, ƴan kaɗan. Wannan kowace dabba za ta yi shi tun allurar farko, in dai abin ba ya narkewa kuma an zuba da yawa.

Na alerji kuwa sai dabbar da jikinta ya riga ya san ƙarfen, kuma ɗan mitsitsi ya isa ya tayar da shi. Makirofaj ɗin sun rikiɗe sun zama ƙwayoyin efiteliyoyid: manya, cikinsu ja-ja mai haske a rinin hematoksilin da eyozin, cibiya doguwa mai kama da tafin takalmi, ba ta shan rini sosai. Sun manne da juna har ba ki ganin iyakar wannan da wancan, sun taru dunƙule-dunƙule, limfosit sun yi musu zobe. Ki nemi ƙarfen a cikinsu, sau da yawa ba za ki same shi ba.

Sani_Mirya
Malam Anapat ya faɗi daidai. Abin da ake gani a madubin elektiron shi ke ƙara fito da dalilin. Ƙwayar efiteliyoyid ba maciyiya ba ce, mai fitarwa ce. Jakunkunan narkar da abin da aka haɗiye ƴan kaɗan ne a cikinta. Abin da ya cika ta shi ne retikulum mai ƙurji-ƙurji a jere, layi bisa layi, da Golji mai girma, da mitokondiriya masu yawa. Cibiyar fara-fara ce, da nukiliyol guda ko biyu a fili. Tantanin da ya lulluɓe ta kuma ya sarƙe da na maƙwabciyarta kamar ka sarƙe yatsun hannu biyu. Wannan sarƙewar ce ta sa a madubi na yau da kullum iyakarsu ke ɓacewa, don ta fi ƙarfin idonsa.

Ana bayyana iri biyu. Akwai mai yawan retikulum, har ta so ta yi kama da filasmosit, akwai kuma wadda ta cika da ƙananan kumfa-kumfa masu haske. Da yawa suna ganin ƙwaya ɗaya ce a shekaru daban, ta farkon ƙuruciya ce, ta biyun ta manyanta.

Habsatu_Zango
Na gode malamai. To amma in ba ƙarfe a cikinsu, me ya tara su a wurin?

Dokta_Rabi
Limfosit ne ya tara su, ƴata. Ƙarfen yana maƙalewa a furotin ɗin jiki ya sauya masa kama, limfosit T masu CD4 su ɗauke shi baƙo, su saki intaferon gama, sinadarin da suke kiran makirofaj da shi. TNF kuma, wani sinadarin saƙo irin wannan, shi ke riƙe ginin kada ya watse. Makirofaj da ya sha wannan kira shi ke rikiɗewa. Ƙarfen yana nan, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma galibi yana cikin ƴan makirofaj na gefe ko cikin manyan ƙwayoyi.

Zirkoniyom ɗin da kika ambata shi ya buɗe wannan fagen. A shekarun 1950 a Amurka an riƙa sa shi a maganin warin hammata, wasu mutane suka riƙa fitar da ƙananan ƙulluta ja-ja a hammata masu daɗewa. Shelley da Hurley a 1958 suka nuna cewa alerji ne: allurar ruwansa da aka sirka ƙwarai tana tayar da ƙullutu a masu ciwon, ba ta tayarwa a sauran mutane. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sa shi a irin wanda ake fesawa, saboda tsoron huhu. Aikin ɓeran Masar kuma Turk da abokan aikinsa a Landan suka yi shi sosai a 1977 da 1978, har da madubin elektiron.

Tsohon_Teknisiye
Kafin a kai ga madubin elektiron, a fara gyara yadda ake ɗaukar naman, don a nan ake ɓata komai. Duk abin da Sani ya lissafa, retikulum da sarƙewar tantani, ba za ka gan su ba a naman da ya yi awa guda a kan tebur a zafin Afrilu na Damagaram.

Maganin kama naman kada ya ruɓe shi ne gulutaraldehid kashi 2,5 cikin ɗari, a ruwan fosfat ko kakodilat 0,1 M, pH tsakanin 7,2 da 7,4, mai sanyi daga firigo. Naman a yanka shi a cikin ɗigon maganin, da sabuwar reza, gunduwa kada ta wuce milimita ɗaya ta kowane gefe. Dalili shi ne gulutaraldehid ba ya shiga da nisa. In gunduwar ta yi kauri, bayanta zai kamu, tsakiyarta ta ruɓe, ka ga mitokondiriya sun kumbura sun fashe ka ce ciwo ne alhali aikin hannunka ne. A ja rezar a hankali, kada a danna, kuma kada a matse naman da hantsaki. Fata tana da tauri, mutane suna son dannawa.

Awa 2 zuwa 4 a digiri 4, a wanke, sai osmiyom kashi 1 awa ɗaya zuwa biyu. Sai alkol hawa-hawa: 30, 50, 70, 90, sannan 100 sau uku. Sai oksid na furofilen, sai Epon, wato robar da ake daskarar da naman a ciki, a gasa a digiri 60 kwana biyu. A fara yankan rabin mikiron zuwa mikiron ɗaya a rina da shuɗin toluwidin a zaɓi wurin, sannan a yi siririn, nanomita 60 zuwa 90. Launinsa a kan ruwan wuƙa shi ke gaya maka kaurinsa: azurfa zuwa ruwan zinariya mai haske ya yi, in ya koma shunayya ya yi kauri.

Mamman_Magarya
Baba, duk wannan a ina za a yi shi? Ɗalibi a nan iyakarsa formol da farafin.

Tsohon_Teknisiye
Ɗana, matakin farko kaɗai ake buƙata a nan, sauran a can inda na'urar take. Akwai haɗin McDowell da Trump, formaldehid kashi 4 da gulutaraldehid kashi 1. Nama yana iya zama a ciki makonni a sanyi, kuma da shi za ka yi farafin, da shi za a yi Epon. Ka cika kwalbar har baki don kada naman ya maƙale a murfi ya bushe a hanya, ka sa a kula mai ƙanƙara, amma kada kwalbar ta taɓa ƙanƙarar. In ya daskare, ƙanƙarar tana huda ƙwayoyin, aiki ya tashi. Kuma a gwada pH ɗin gulutaraldehid na ajiya kafin a haɗa. Wanda ya sha zafi saboda ɗaukewar kuran yana tsami, in ya sauka ƙasa da 3,5 a zubar.

Osmiyom kuwa kada wanda ya buɗe shi sai a ƙarƙashin mazuƙar iska. Tururinsa yana kama idon mutum kamar yadda yake kama nama. Kakodilat kuma arsenik ne a cikinsa, fosfat ya fi kwanciyar hankali.

Likitan_Dabbobi_Tanut
Ni inda nake so a tsaya shi ne dabbar kanta. Ana ta maganar ƙwaya, an manta wanda ke ɗauke da ita.

Ɓeran Masar ba ya jure zafi. Tsakanin digiri 18 da 24 yake so, in ɗaki ya doshi 30 sai ka ga ya miƙe yana haki, yawu na zuba, kafin ka ankara ya mutu. Ɗakin da ba sanyi mai tabbas dare da rana, kada a fara. Na biyu, jikinsa ba ya ƙera bitamin C, kamar mutum. Yana buƙatar wajen miligiram 10 a kowane kilo kullum, kuma wanda ke cikin abincin buhu yana lalacewa cikin kamar wata uku, a zafinmu ma kafin haka. Wannan ya shafi tambayar Habsatu kai tsaye, don ba a gina kolajen, zaren da ke yin tabo, sai da bitamin C. Dabbar da ta rasa shi, tabon da ke kewaye ƙullutun ba zai fito yadda ya kamata ba, sai a rubuta cewa ƙarfen ba ya sa tabo. A ba su ɗanyen ganye kullum. Kuma kada a ba su fenisilin ko danginsa, yana kashe ƙwayoyin hanjinsu masu amfani, gudawa ta kashe su.

Sai wata biyu da ke ruɗa mai duba gilashi. Nitirofil ɗin ɓeran Masar da na zomo suna da ɗigo-ɗigo ja, sabon shiga sai ya ƙirga su a eyozinofil ya ce ga shaidar alerji. Akwai kuma ƙwayar Kurloff, mai ƙaton dunƙule ɗaya a ciki da ke shan rinin PAS. Ta ɓeran Masar ce ta asali, ta fi yawa a mata, ba ƙarfe ta haɗiya ba.

Anapat_Birni
Madalla, Likita. Maganar Kurloff ɗin nan a riƙe ta.

Bari in ƙara a kan allurar, don rabin ruɗanin daga nan yake. Mililita 0,1, allura lamba 26 ko 27, bakin yana kallon sama, a shiga kusan a kwance. In ta zauna a cikin fata za ka ga ƙaramin kumburi fari ya taso kamar ƙwayar wake. In bai taso ba, ka wuce ƙasan fata, wurin ba ya cikin lissafi. Aski da inji kwana ɗaya kafin nan, ban da man cire gashi, yana ƙona fatar. In za a ɗauki nama, maganin kashe zafi a kewaye ƙullutun ake sa shi, ba a cikinsa ba, kuma a yanka har ƙasa a haɗo da siririn naman da ke ƙarƙashin fata, don ƙullutun yakan zauna a can ƙasa.

Sani_Mirya
Akwai tarkon da ba a ambata ba: adjuban na Freund cikakke. Da shi ake tayar da alerjin a dabba, to amma a cikinsa akwai matattun mikobakteriya a cikin mai. Shi kaɗai, ba ƙarfe, yana yin giranuloma ta efiteliyoyid mai kyau kamar ta littafi. Wanda ya yanko wurin da aka sa Freund ya ce ga ƙullutun zirkoniyom, bai nuna komai ba. Gwajin a wani gefe ake yin sa, nesa da wurin farko, ƙarfen a ruwan gishiri kawai. Kuma dole a sami rukunin da aka ba Freund ba ƙarfe, sannan aka gwada su da ƙarfen daidai da sauran.

Dokta_Rabi
Shi ya sa nake ganin amsar Habsatu ba a gilashi ɗaya take ba. Abu uku ke tabbatar da alerji: ƙullutun ya fito a dabbar da aka shirya bai fito a wadda ba a shirya ba, da adadi ɗaya, ya fito da ƙarfen nan bai fito da wani ba, kuma ana iya ɗaukar halin a kai wa wata dabba ta hanyar limfosit, ba ta ruwan jini ba. Wannan na ƙarshen tun 1942 Landsteiner da Chase suka nuna shi a ɓeran Masar game da alerjin taɓawa. Siffar ƙwaya mai goyon baya ce kawai.

Anapat_Birni
Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Siffa ta fi mai goyon baya. Idan na ga dunƙulen efiteliyoyid tsararre, ba ɓarɓashi, rinin retikulin ya nuna zare ya kewaye kowane dunƙule, limfosit a gefe, ban ce na san wane ƙarfe ba ne, amma na san limfosit T na cikin maganar. Garin talk ko zaren ɗinki ba sa yin wannan.

Dokta_Rabi
Silika fa, Malam? Mutum ya faɗi a kan yashi ko gilashi ya yanke shi, shekaru goma ko fiye tabon ya kumbura, a yanko a ga efiteliyoyid tsararru kamar na ciwon ƙulluta da ake kira sarkoyidoz. Har yau ana gardama ko alerji ne ko ba shi ba.

Anapat_Birni
Na karɓi wannan. Amma silika tana tona kanta a hasken folarize, tana ƙyalli. Zirkoniyom da beriliyom a ƙullutun alerji ba ka ganin su haka.

Tsohon_Teknisiye
Tunda an zo kan folarize, a yi hattara da hunturu. Ƙurar da ke shigowa ta taga yashi ce, ita ma tana ƙyalli. Gilashin da aka bari a buɗe yana bushewa zai kwashi ƙura, a duba a ce ga baƙon abu a nama. Yadda ake ganewa: ka juya madaidaicin madubin a hankali. Abin da ke cikin ƙwaya yana fitowa tare da cibiyarta a zurfi ɗaya. Ƙura tana bisa, sai naman ya dushe take fitowa, kuma za ka same ta har a inda babu nama. Garin safar hannu ma haka, sitaci ne, yana ba da alamar gicciye. A rufe ruwan wanka na yanka, a tace rini, a busar da gilashi a cikin akwati.

Farafin kuma yana narkewa a 56 zuwa 58, amma tun ɗaki na 40 ya yi laushi, yankan mikiron 4 sai ya tattare kamar tsumma. A kifa bulok a kan ƙanƙara minti goma, a yi yankan da sassafe.

Zeinabu_Sabongari
Don Allah a fayyace mini Langhans da Langerhans, kullum suna haɗe mini.

Sani_Mirya
Mutum biyu ne, ƙwaya biyu. Ta Langhans ita ce babbar ƙwaya ta cikin giranuloma, cibiyoyinta sun jeru a gefe kamar jinjirin wata, tsakiya fili. Makirofaj ne suka haɗe suka zama ɗaya, ba cibiya ce ta yi ta rabuwa ba. Ta Langerhans kuwa a saman fata take, mai rassa, ita ke ɗaukar abin da ya taɓa fata ta kai wa limfosit a kaluluwa. A madubin elektiron ana gane ta da ƙwayar Birbeck, mai kama da sanda da kumburi a kai ɗaya. Kuma kada a dogara da ta Langhans a ce alerji, ana samun irin biyun a ƙullutu ɗaya.

Mamman_Magarya
Ni abin da ya dame ni, me ya sa ɓeran Masar? Farin ɓera ya fi araha, ya fi jure wahala.

Dokta_Rabi
Don ba kowace dabba ke amsa ƙarfe ba, ko a cikin ɓerayen Masar ɗin ma. Polak da Barnes da Turk a 1968 sun nuna zuriya ta 2 tana kamuwa da alerjin beriliyom da na kurom amma ba ta kamuwa da na zaiba, zuriya ta 13 kuma akasin haka. Gado ne. A mutum ma haka: a 1993 aka gano cewa yawancin masu ciwon beriliyom na huhu suna da gulutamat a gurbi na 69 na HLA-DP, furotin da ke nuna wa limfosit baƙon abu. Farin ɓera kuma ga misalin nikel: a 2010 aka nuna nikel yana kama TLR4, furotin mai tayar da garkuwa, na mutum kai tsaye ta wasu histidin biyu, na ɓera ba shi da su. Saboda haka wanda ya sayo dabbobi a kasuwa, bai san zuriyarsu ba, in rabi suka amsa rabi suka ƙi, kada ya yi mamaki.

Likitan_Dabbobi_Tanut
Kuma na kasuwa suna zuwa da nasu ciwon. Ƙazuwa da makero a fata, ga kumburin kaluluwar wuya. Duk suna cika fatar da ƙwayoyin kumburi kafin ka sa komai. Ƙa'idar gwajin alerjin fata na Magnusson da Kligman mafi ƙaranci dabba 10 na gwaji da 5 na kwatance. In ba za a iya riƙe su da lafiya da maganin zafi da izinin kwamitin ɗa'a ba, barin aikin ya fi. Rai ne, za a tambaye mu.

Hadiza_Kance
Ku yi haƙuri in karkato da ku gida. Kunnen ƴan mata da ke kumbura bayan huji da ɗan kunnen kasuwa, shi ma wannan ne?

Dokta_Rabi
Galibi a'a. Nikel ƙaiƙayi da ja da tsattsafar ruwa yake sawa a saman fata, kwana ɗaya zuwa uku bayan taɓawa. A madubi ruwa ne tsakanin ƙwayoyin saman fata da limfosit kewaye da jijiyoyi, ba giranuloma. Ƙaton kumburi mai tauri da ke girma bayan huji kuma yawanci keloyid ne, kolajen ne zalla. Amma akwai ƙullutu na gaskiya irin na sarkoyidoz a wurin huji, an fi danganta shi da faladiyom da zinariya. Ana gwada ɗan kunne da dimetilgiliyoksim: ɗigo a auduga, a goga, in ya yi ruwan hoda yana sakin nikel. Turai ta sa iyaka, mikirogiram 0,2 a kowane santimita murabba'i a mako ga abin da ke shiga huji.

Kurom kuma magina ne ke shan wahalarsa a ɗanyen siminti. Jimar gargajiya da bagaruwa irin ta majemarmu ba kurom a cikinta, fatar masana'anta ce ake jemewa da shi.

Anapat_Birni
In ƙullutu irin wannan ya zo daga mutum a nan, kada kowa ya fara da ƙarfe. Tarin fuka na fata, kuturta mai ƙarancin ƙwayoyi, da leshmaniyoz duk suna ba da efiteliyoyid da Langhans. Leshmaniyoz ɗin ma ba baƙuwa ba ce, tun 1911 Stévenel ya rubuta a kan gyambunan yankin Zinder. Sai an yi rini iri-iri na neman ƙwayoyin cuta, an yi Ziehl-Neelsen, an yi Fite-Faraco don ƙwayar kuturta ba ta jure asid mai ƙarfi, an yi PAS ko Grocott, an yi Giemsa. A duba jijiyar ji: in ƙullutun ya cinye ta, kuturta ce sai an nuna akasi. In tsakiya ta ruɓe ta yi kamar cuku, tarin fuka ya fi kusa, ko da yake beriliyom a fata ma yana ruɓar da tsakiya. Irin wanda aka gani a shekarun 1940 ke nan a mutanen da fasasshen dogon ƙwan lantarki ya yanka, lokacin ana shafa beriliyom a cikinsa, kafin a daina a 1949.

Habsatu_Zango
To in an kai madubin elektiron, ba a iya nuna ƙarfen kansa a kawo ƙarshen gardama?

Sani_Mirya
Ana iyawa da EDX, na'urar da ke gane ƙarfe ta layin hasken X da yake fitarwa, amma kowane ƙarfe da matsalarsa. Beriliyom lambarsa 4, na'urorin da ke da tagar beriliyom ba sa ganin abin da ke ƙasa da sodiyom, to ba za su gan shi ba sam. Sai wasu na'urorin, EELS ko SIMS, ko a narkar da naman a auna. Zirkoniyom layinsa na L yana 2,04 keV, fosfor yana 2,01, osmiyom ma yana nan kusa. Nama kuwa cike yake da fosfor. Sai a nemi layin K a wajen 15,7 keV kafin a ce shi ne. Yankan da za a auna kada a rina shi da yuranil da dalma, in da hali a ware gunduwar da ba ta ga osmiyom ba. Ragar da ke ɗauke da yankan ita ma ƙarfe ce, mai neman nikel kada ya ɗora a ragar nikel. Sannan gishirin da ke narkewa yana iya fita tun a wanki da alkol, rashin ganinsa ba ya nufin babu shi.

Tsohon_Teknisiye
Dalma ma tana yin nata ɓarɓashin. Sitirat na dalma in ya sha iskar numfashi sai ya zama baƙaƙen ɗigo a kan yankan, sabon ido ya ce ƙarfen gwaji ne. A sa ƙwayoyin soda a cikin faranti a rufe, ruwan wanki a tafasa shi ya huce, kuma kada a sunkuya ana numfashi a kai.

Zeinabu_Sabongari
Alminiyom fa? Ya saɓa wa abin da Malam Anapat ya faɗa da farko, ko? Don an ce ƙullutunsa akwai alerji, kuma ƙwayoyin cike suke da shi.

Anapat_Birni
Kin kama wuri mai kyau. Ƙullutun alminiyom da kan daɗe a wurin allura a ƴan tsirarun yara, makirofaj ɗinsa cikinsu ɗigo-ɗigo ne ruwan toka zuwa shunayya, a madubin elektiron kuma tarin siraran allurai ne cunkushe a jakunkuna. Ga limfosit da yawa har da dunƙulensu, ga eyozinofil. Yawancin yaran gwajin manne da kulorid na alminiyom yana kamawa. To ga alerji, ga ciki cike, efiteliyoyid tsararru kuma ba su cika yawa ba. Abin yana lafawa da kansa a hankali, kuma ba hujjar hana yaro rigakafi ba ne. Abin da na faɗa da farko a kan zirkoniyom da beriliyom ya fi zama.

Dokta_Rabi
Ka dawo inda nake ke nan, Malam.

Anapat_Birni
Rabin hanya, Hajiya. Har yanzu ina kan cewa in efiteliyoyid mai fitarwa ta bayyana, ta yi magana. In ba ta bayyana ba ne ba a yanke hukunci.

Sani_Mirya
Lokacin yanka ma yana sauya amsar. A awa 24 zuwa 48 ba ƙullutu tukuna, limfosit ne da monosit kewaye da jijiyoyi, a ɓeran Masar har da bazofil da yawa, waɗanda formol da farafin ke ɓatarwa, sai a yankan Epon na mikiron ɗaya da Giemsa ake ganin su. Wajen mako ɗaya zuwa biyu efiteliyoyid da manyan ƙwayoyi ke bayyana, daga baya fiburobilas su shigo tabo ya fara. A mutum ya fi jinkiri, shi ya sa gwajin Mitsuda na kuturta sai kwana 21 zuwa 28 ake karanta shi, na Kveim da ake yi a da don sarkoyidoz mako 4 zuwa 6. Wanda ya yanka sau ɗaya ya ga hoto ɗaya ne. A tsara yanka a kwana 2, 7, 14, 21 da 28, kowane lokaci da na kwatance.

Wani abu kuma game da sarƙewar tantani da na faɗa a sama. An daɗe ana cewa sunan efiteliyoyid kama ce kawai, ba su da maɗauri irin na ƙwayoyin saman fata. A 2016 aikin da aka yi a kifin zebra mai mikobakteriya ya nuna makirofaj na giranuloma suna fitar da E-kadherin, furotin mai manne ƙwayoyi, suna ɗaure juna da gaske. Mai duba na ƙarfe ya kamata ya tsaya a mahaɗar ƙwayoyin da babban girma, ya ɗauki hotonta.

Habsatu_Zango
Allah ya saka da alheri. In ana son a tabbatar makirofaj ne ta rinin garkuwa, CD68 ɗin da ake sa wa naman mutum zai kama na ɓeran Masar?

Likitan_Dabbobi_Tanut
Kada ki dogara da shi, yawancin na mutum ba a yi su don wannan dabbar ba. Iba1 ya fi kamawa a dabbobi daban-daban. Ko da wanne za ki yi, ki sa yankan saifar dabbar a gefe: in saifa ba ta kama ba, maganin ne bai yi ba, ba makirofaj ne babu ba. Kuma naman kada ya wuce awa 48 a formol, kada kuma a yi da wanda ya sha gulutaraldehid mai yawa.

Tsohon_Teknisiye
A raba naman gida biyu tun a kan tebur, rabi formol, rabi gulutaraldehid, yankan ya bi ta tsakiyar ƙullutun don kowane rabi ya samu ciki da gefe. Formol ninki goma na girman naman ko fiye. Lambar dabba da ranar yanka a rubuta da fensir a takarda a jefa cikin kwalbar, alkol yana wanke biro.